JINI A KAN ASUWAKI: CIWON DASASHI DA LOKACIN DA ZUWA ASIBITI YAKE ZAMA DOLE

(Matanin laccar da aka gabatar wa 'yan'uwa maza da mata a garin Maruta, Ƙaramar Hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata halittarsa, Ya kuma ba shi jikinsa a matsayin amana. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Akwai wata tambaya da ake yawan yi mana a majalisin karatu, musamman idan azumi ya gabato. Mutum zai ce: "Malam, idan na yi asuwaki sai in ga jini a bakin itacen, shin alwalata tana nan?" Mu kuwa sai mu ba shi amsar da muka karanta, cewa a mazhabar Imamu Malik jinin da ya fito daga dasashi ba ya warware alwala, ya tofar, ya kurkure bakinsa, ya yi sallarsa. Wannan amsa daidai take ta fuskar fiƙihu. Amma mun lura cewa rabin amsa muke bayarwa, domin mai tambaya yana tafiya da natsuwa game da alwalarsa, alhali jinin da ya gani alama ce ta ciwo a bakinsa, kuma babu wanda ya gaya masa. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an yi asuwaki. Sauran rabin amsar shi ne ya tara mu a yau, kuma abin da za mu faɗa na likitanci daga masu fannin muka karɓo shi.

MATSAYIN BAKI DA HAƘORI A SHARI'A

Babu wanda ya sani a cikinmu face ya san yadda Manzon Allah (SAW) ya lizimci asuwaki. Ya tabbata a wurin Bukhari da Muslim cewa gudun tsananta wa al'umma ne kaɗai ya hana a umarce mu da shi a kowace salla. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa da shi yake farawa idan ya shiga gida, kuma a jinyarsa ta ƙarshe, lokacin da ya ga asuwaki a hannun ɗan'uwanta Abdurrahman, ita ce ta karɓa ta tausasa masa shi ya yi amfani da shi. Haka nan an hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci, don kada ya cutar da masu salla da warin bakinsa. A babin diyya kuwa, wanda ya fasa wa ɗan'uwansa haƙori ɗaya raƙuma biyar ne a kansa.

To, ya 'yan'uwa, abin da Shari'a ta yi wa kuɗi raƙuma biyar, ta yaya za mu bar shi ya zube a banza, ɗaya bayan ɗaya, muna cewa tsufa ne? Da yawa daga cikin giɓin da muke gani a bakin mutanen da ba su wuce shekara arba'in ko hamsin ba, ciwon dasashi ne ya haifar da shi, kuma ciwo ne da ake iya tarewa tun da wuri.

YADDA CIWON YAKE FARAWA

Idan mutum ya wuni bai goge bakinsa ba, ya sa farce ya karci gindin haƙorinsa, zai ga wani farin datti mai laushi. Mafi yawan wannan datti ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, waɗanda suke taruwa a daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, suna rayuwa da ragowar abinci, musamman mai zaƙi. Yana sake taruwa cikin 'yan sa'o'i bayan an goge shi, shi ya sa gogewar jiya ba ta isar wa yau.

Idan aka bar shi, sai dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini da zarar an taɓa shi. Wannan shi ne mataki na farko, kuma a nan ciwon yana warkewa sarai idan aka tsaftace wurin. Idan kuwa aka ci gaba da sakaci, sai dattin ya daskare ya zama kamar tsakuwa, ruwan ɗorawa ko baƙi, ya manne a gindin haƙori. Daga nan babu asuwaki ko buroshin da zai iya cire shi.

A mataki na biyu dasashi yana sakin haƙori, sai wani ɗan rami ya buɗe a tsakaninsu. A lafiyayyen baki zurfin wannan wuri bai wuce milimita 3 ba, amma a mai ciwo yana ƙara zurfi, datti da mugunya su taru a ciki, har ciwon ya kai ga ƙashin muƙamuƙi wanda yake riƙe da saiwar haƙori, ya riƙa cin sa a hankali. Misalinsa kamar katangar ƙasa ce da ruwan damina yake ci mata gindi: daga sama lafiya lau take, sai rana ɗaya ta kwanta. Haƙorin da ba shi da kogo, fari tas, sai ya fara girgiɗi, daga baya ya fita. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa, abin da likita zai iya yi shi ne ya tsayar da ɓarnar a inda ta kai.

Abin da ya sa wannan ciwo yake yaudarar mutane shi ne, mafi yawan lokuta ba ya zafi sai ya yi nisa. Mu kuma al'adarmu ba ma zuwa asibiti sai abin da ya hana mu barci. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne suke fama da cututtukan baki a duniya, kuma sama da biliyan ɗaya daga ciki suna da ciwon dasashi mai tsanani, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi biyar.

WAƊANDA YA KAMATA SU ƘARA KULA

Na farko, masu shan taba da masu cusa garinta a leɓe. Taba tana hanzarta cin ƙashin, tana kuma matse jijiyoyin jini na dasashi, ta yadda jinin da zai faɗakar da mutum ba zai fito ba, sai ya zaci lafiya yake.

Na biyu, masu ciwon suga. Idan suga ya hau ciwon dasashi yana ƙaruwa, shi kuma ciwon dasashi yana sa suga ya yi wuyar saukowa. Wanda dasashinsa yake yawan yin ƙurji, ga yawan ƙishirwa da yawan fitsari, to ya je a auna masa suga.

Na uku, mata masu juna biyu. Dasashinsu yana saurin kumbura da jini saboda sauyin da jiki yake yi. Kada mai ciki ta bar goge baki don wannan, kuma ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya idan ta je awo.

Na huɗu, masu shan wasu magungunan hawan jini ko na farfaɗiya, domin akwai waɗanda suke sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori. Kada mutum ya daina shan maganinsa da kansa, ya koma wurin likitan da ya rubuta masa.

Na biyar, kuma su ne suka fi damun mu, ƙananan yara masu tamowa. Za mu zo kansu.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ga jini sai ya kauce wa wurin. Wurin da yake jini shi ne wurin da datti ya taru, don haka shi ya fi buƙatar gogewa, amma a hankali, ba da ƙarfi ba.

Asuwaki, na marke ne ko na darbejiya ko wanda alhazai suke kawowa, yana aiki idan an yi shi yadda ya kamata. A tausasa bakinsa, a riƙa yanke wanda ya tsufa, a wanke shi, a bi gindin haƙora ɗaya bayan ɗaya, waje da ciki, har turamen can ƙurya. Yawo da asuwaki a baki ana tauna shi ana hira, alhali haƙoran gaba kaɗai yake taɓawa, bai cika manufar sunna ba. Wanda ya sami hali ya haɗa da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, sau biyu a rana, musamman kafin barci. A sakace tsakanin haƙora ba tare da an soki dasashi ba. Kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri yana rage kumburi.

A guji dirzar haƙori da yashi ko toka ko gawayi, domin suna kankare bayan haƙori. A guji ɗora ƙwayar asfirin ko kanwa ko ruwan batir a kan dasashi, domin ƙona naman suke yi. Masu tallar magani a kasuwa da suke cewa za su fitar da tsutsa daga haƙori kuwa, a sani babu wata tsutsa a cikin haƙori, kuɗi kawai ake karɓa.

Idan mutum ya yi mako biyu yana wannan tsafta da gaske, jinin mataki na farko yakan ragu ko ya tsaya. Idan bai tsaya ba, to aikin ya fi ƙarfin gida.

WANKIN HAƘORI A ASIBITI

Abin da likitan haƙori yake yi shi ne ya auna zurfin ramukan, wani lokaci ya ɗauki hoton ƙashin, sannan ya kankare dattin da ya daskare a sama da ƙarƙashin dasashi. Wasu suna gudun wannan, wai wankin haƙori yana sa haƙora su yi sako-sako su yi wushirya. Gaskiyar magana ita ce ƙashin ya riga ya tafi, daskararren dattin ne ya cike gurbinsa yana ɓoye ɓarnar, kuma barin sa a wurin ci gaba da cin ƙashin zai yi.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan baƙon abu ne da ya zo mana daga Turawa. Babban likitan Musulmi na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya yi bayanin kankare wannan datti daga haƙora a littafinsa At-Tasrif, ya zana surar ƙarafan da ake aikin da su, ya kuma bayyana yadda ake ɗaure haƙoran da suke girgiɗi da zaren zinare ko azurfa. Yau sama da shekara dubu ke nan.

ALAMOMIN DA SUKE WAJABTA ZUWA ASIBITI

Akwai waɗanda mutum zai shirya ya je cikin 'yan kwanaki: jinin da ya wuce mako biyu duk da tsafta, warin bakin da ba ya tafiya ko an goge, wanda bai kamata a fake da azumi a kansa ba, dasashin da ya janye har haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, haƙorin babba da yake girgiɗi ko ya sauya wuri, mugunya a gindin haƙori, da gyambo ko farin tabo a cikin baki wanda ya yi mako biyu zuwa uku bai warke ba, musamman ga mai taba, domin wani lokaci haka ciwon dajin baki yake farawa.

Akwai kuma waɗanda ba a kwana da su: kumburin da ya fito fuska ko ya sauka ƙarƙashin haɓa da wuya, tare da zazzaɓi, kasa buɗe baki ko kasa haɗiyar yawu, wahalar numfashi, da jinin da yake zuba da kansa ba tare da an taɓa ba, musamman idan jiki ya yi fari ko jini yana fita ta hanci, domin wannan yana iya zama ciwon jini ne. Kumburin ƙarƙashin haɓa yana iya toshe maƙogwaro cikin dare ɗaya. Wanzami da mai kemis ba su da abin yi a nan.

CIWON ZAIZAYAR BAKI GA YARA

Ya ku iyaye mata, wannan ɓangare naku ne fiye da kowa. Akwai wani ciwo da likitoci suke kira Noma. Sunan ba shi da alaƙa da noman gona, kalma ce ta Girkanci mai nufin cinyewa. Yana kama yara, galibi daga shekara 2 zuwa 6, wato daga lokacin yaye, musamman yaron da ya rame saboda ƙarancin abinci, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba. Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna cikin wuraren da aka fi samun sa a duniya.

Farkonsa ciwon dasashi ne. Dasashin yaro zai yi ja yana jini, sai gyambo ya fito a kansa, baki ya yi wari mai tsanani, yawu ya riƙa dalala, yaro ya ƙi abinci yana kuka. Sai kunci ko leɓe ya kumbura. Bayan 'yan kwanaki sai wurin ya yi baƙi, naman ya mutu ya zube, ya bar rami a fuska, wani lokaci har da ƙashi da hanci. Duk wannan yana iya faruwa cikin mako ɗaya zuwa biyu. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a shekarar 1998, yara dubu 140 ne suke kamuwa da shi a kowace shekara, kuma tara cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba suna mutuwa. Waɗanda suka rayu kuwa suna tashi da tabon da yake hana su ci da magana yadda ya kamata, wasu muƙamuƙinsu ya ƙage, wasu a ɓoye su a ɗaki don kunya.

Abin baƙin cikin shi ne, a matakin gyambon dasashi da farkon kumburi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ma'aikacin lafiya zai rubuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki, sun isa su tsayar da shi da izinin Allah. Abin da yake kashe yaran shi ne kwanakin da ake ɓatawa. Saboda saurin ciwon da munin kamarsa, sai a ce iska ce ko sammu, a tafi wurin boka, a yi hayaƙi, a shafa ƙulli, kafin a tuna da asibiti fuska ta tafi. Muna faɗa da babbar murya: wannan ciwo ƙwayoyin cuta ne da yunwa, kuma ba a ɗaukar sa daga wani zuwa wani, don haka babu dalilin ƙyamar mai shi. Addu'a ibada ce, a yi ta a kan hanyar asibiti. Zuwa wurin boka kuwa asarar addini ce da asarar ɗa a lokaci guda.

Ga waɗanda ciwon ya riga ya ɓata wa fuska, akwai asibiti na musamman a Sakkwato da aka kafa a shekarar 1999 domin wannan ciwo, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF take aiki tare da Ma'aikatar Lafiya ta jihar tun daga 2014, ana yin tiyatar gyaran fuska kyauta. Nijeriya ta ware ranar 20 ga Nuwamba ta kowace shekara don faɗakarwa a kansa, kuma ita ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, a ranar 15 ga Disamba 2023. Wanda yake shakkar halaccin irin wannan tiyata ya tuna da sahabi Arfaja ɗan As'ad (RA), wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, ya yi na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya yi na zinare. Mayar da halitta yadda take a da magani ne. Duk wanda ya san gidan da ake ɓoye irin wannan yaro, ko ma babba, ya isar musu da wannan labari.

Rigakafinsa kuwa a hannunmu yake: nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu tare da abinci, a haɗa wa yaro kunu da gyaɗa ko wake ko waken suya, da ƙwai da zogale gwargwadon hali, a kai shi allurar ƙyanda a wata 9 da ta biyu a wata 15, a kwana cikin gidan sauro, a riƙa goge masa baki da tsumma mai tsabta da ruwan gishiri kaɗan, musamman lokacin da yake kwance ba lafiya.

INA ZA A DOSA?

A fara da asibiti mafi kusa, ko da ƙaramin asibitin cikin gari ne, domin a duba a kuma ba da takardar tura mara lafiya gaba idan ya kama. Mu a wannan yanki Allah Ya hore mana Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, ga kuma manyan asibitocin Dutse. Abin da ya fi ƙarfin nan ana tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi da fuska.

Mun san abin da yake cikin zukata: kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin magani, ga aikin gona. Ba mu raina wannan uzuri ba. Amma kuɗin wankin haƙori bai kai na cire haƙora da sa na roba ba, kuma kuɗin motar kai yaro asibiti a rana ta biyu bai kai na tafiya Sakkwato bayan shekara ba, in ma yaron ya rayu. Inda magidanci ya gaza, nauyin yana komawa kan jama'a. Muna iya tara kuɗin gyaran lasifikar masallaci cikin Juma'a ɗaya, don haka ba za mu kasa tara kuɗin motar yaron maƙwabci ba.

KAMMALAWA

Abin da muke roƙo a tashi da shi daga wannan zama abu uku ne. Kowace uwa ta riƙa ɗaga leɓen ɗanta tana duba dasashinsa ko da sau ɗaya a mako, kullum kuwa idan ba shi da lafiya. In ta ga gyambo da wari, ko kunci ya kumbura, to ranar za a tafi asibiti, kuma maigida kada ya zama shi ne mai hanawa. Malaman Islamiyya da na allo su riƙa duba bakin ɗalibansu, musamman almajiran da iyayensu suke nesa, domin amana ce a hannunsu. Mu kuma masu amsa fatawa, daga yau idan aka tambaye mu hukuncin jinin asuwaki, mu ce alwala tana nan, sannan mu tambayi mutumin tun yaushe yake ganin jinin, mu nuna masa hanyar asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya a kan tafarkin sunna, Ya sa mu zama masu kiyaye amanar da Ya ba mu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.